Sunan makaɗi a goshin jita: yabo ne ko shaida?

A ƙarshen hunturun bara na kai tsohuwar rediyon mahaifina gyara wurin wani dattijo mai ɗan shago a wajen Kakuri. Asalin sana'arsa gyaran amfilifaya da lasifika, amma da yake ya fi shekara talatin yana kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan cocinsu, duk wanda jitarsa ta yi gardama, daga Sabon Tasha har Barnawa, wurinsa yake nufa. Na tarar da wani saurayi a kan benci, jita a cinya, ya haɗe rai. Kusan shekara guda ya yi yana zubin adashi kafin ya aika Legas aka sayo masa ita, ta hannu. Kuma ba kowace ya ce a sayo ba, sai mai ɗauke da sunan wani makaɗin Amurka da yake raba dare yana kallon bidiyonsa. Iskar hunturu ta busar da itacen, wuyan ya ɗan karkace, bakin ƙarafan da ke jere a wuyan ya fito yana yankar yatsa. Dattijon ya ce wannan aikin kwana biyu ne. Abin da ya ɓata wa yaron rai daban ne. Ya ci karo da wata hira a wayarsa, inda gwanin nasa yake dariya yana cewa shi kayan wannan kamfani ba su taɓa kwanta masa ba, kuma in ya shiga situdiyo tsohuwar jitarsa ta wani kamfanin yake ɗauka.

"Baba, ashe shi kansa ba ya kaɗa ta?"

"Yo ɗana, da ka aika, jita ka ce a sayo maka ko suna?"

Wani direban tifa da ke jiran a haɗa masa lasifikar mota ya tsoma baki. A ganinsa babu abin tayar da jijiyar wuya: talla ce, an biya mutum ya yi, kowa kuma ya san talla. Ya ce da shi aka kawo wa kuɗin, ko a jikin kwandon shara a rubuta sunansa. Muka yi dariya, ban da saurayin. Na dawo gida da maganar a raina, domin direban ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari ya fi nauyi.

Tsakanin makaɗi da kamfanin ƙera jita akwai hawa-hawa. Na ƙasa, a yi maka rangwame, a sa hotonka a shafin kamfani. Na sama da shi, a ba ka kaya kyauta da sharaɗin a gan ka da su a dandamali. Ƙololuwa ita ce a ƙera samfuri guda, a buga sunanka ko sa hannunka a goshinsa, a zuba shi kasuwa, duk wadda aka sayar a ba ka la'ada. A wannan hawan galibi akan ɗaure makaɗi da sharaɗin kada a gan shi a bainar jama'a da jitar wani kamfani. Shi kuwa mai saye, abin da yake karantawa a wannan suna ya wuce "wane yana gaishe ku". Yana karanta cewa kaurin wuyan nan, da nauyin jikin, da irin fikof ɗin da aka sa, wato ɗan maganaɗisun da ke ɗaukar rawar tsirkiya ya miƙa wa amfilifaya, duk zaɓin wane ne, kuma da irinta yake fitar da sautin da ka ji ka so.

Nan ta sha bamban da tallar da muka saba. A Afrilun 2013, lokacin da aka fara ba mutane damar sauya kamfanin waya ba tare da sauya lamba ba, ɗan wasan barkwancin nan Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, ya bar tallar Etisalat ya ɓullo a ta MTN cikin rawayen kaya yana tiƙar rawa. Ƙasa ta ɗauka, aka yi ta dariya, ba wanda ya ce an yaudare shi. Ai ba wanda ya taɓa zaton Saka injiniyan sadarwa ne. Fuskarsa aka yi haya, ya kai ta inda aka fi biya. Haka 'yan Kannywood da ake naɗawa jakadun taliya ko sabulu. Makaɗi kuwa a kan jita gwani ne. Maganarsa a kanta kamar maganar tsohon bakanike ce a kan inji: in ya ce saya, sai ka saya ko bonet ba ka buɗe ba.

Rigimar ta girmi saurayin, ta girmi ubansa. Jitar da ta fi kowace shahara da sunan mutum, Gibson Les Paul, da irin wannan tsamin aka haife ta. Tun wajen 1940 makaɗin Amurka Les Paul ya ɗauki wani guntun katako, ya kafa masa wuya da tsirkiya da fikof, ya nuna cewa jitar lantarki ba ta buƙatar ƙoƙon ciki irin na garaya. Ya kai wa kamfanin Gibson, suka yi masa dariya. Sai da Leo Fender ya fito da tasa marar ƙoƙo a 1950 ta fara cin kasuwa, sannan Gibson, ƙarƙashin shugabanta Ted McCarty, ta nemo mutumin da ta raina. A lokacin shi da matarsa Mary Ford suna tashe, faya-fayansu na tafiya kamar wutar daji. A 1952 aka ƙulla yarjejeniyar shekara biyar: la'adar kashi 5 cikin 100, shi kuma kada a gan shi a gaban jama'a da jitar da ba Gibson ba.

Tun samfurin farko, mai ruwan zinariya, aka sami tangarɗa. An haɗa wuyan da jikin ba tare da isasshen karkata ba, har ta kai dole tsirkiyoyin su bi ta ƙarƙashin ƙarfen da ke zaman jaki maimakon ta samansa. Duk wanda ya taɓa riƙe garaya ko molo ya san jaki, ɗan abin nan da ke ɗaga tsirkiya. A jita makaɗi yakan ɗora gefen tafinsa a kan jakin don ya danne sauti, kuma Les Paul da wannan salo yake kiɗa. Ga jita da sunansa, amma ta ƙi salonsa. Sai a 1953 aka gyara.

Babbar ta zo a 1961. Ciniki ya ja baya, mutane na kukan nauyi da tsohon yayi, sai Gibson ta sauya fasalin gaba ɗaya: jiki siriri, ƙahoni biyu masu tsini, amma sunan Les Paul na nan daram. Shi kuwa bai so ta ba. Ƙahonin ba su yi masa ba, mahaɗar wuya da jiki kuma ya ga ba ta da ƙarfi. Duk da haka an ɗauke shi hoto riƙe da ita a tallace-tallace, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Zuwa 1963 aka cire sunan, jitar ta koma SG. Masu son wanke shi tas sukan ce mutunci ne kawai ya sa. Amma a daidai lokacin aurensa da Mary Ford yana mutuwa, kuma bai so ya sa hannu a sabuwar yarjejeniyar da kuɗinta zai faɗa cikin rabon dukiyar saki. Dalilan biyu ne suka haɗu, kuma ni ban ga abin kunya a nan ba, ɗan'adam ne.

Abin lura shi ne SG ba mummunar jita ba ce. Ta zama ɗaya daga cikin waɗanda Gibson ta fi sayarwa; Tony Iommi da Angus Young da ita suka yi suna, Sister Rosetta Tharpe ma, mai waƙoƙin bishara, irinta fara take riƙewa. Ke nan ƙin da makaɗi ke yi wa jita ba hujja ba ce cewa tana da aibi. Abin da ya lalace shi ne sunan, wanda ke faɗin abin da ba haka ba. Da aka raba su, jitar ta tsaya da ƙafarta. Shi kuma Les Paul, a 1968, bayan su Eric Clapton da Mike Bloomfield sun sa matasa wawar tsofaffin samfuran, aka dawo da ta asalin da sunansa, ya zauna da kamfanin har ya rasu a 2009.

Da a nan labari ya tsaya, da sai in ce duk wanda ba ya son kamfani ya guje shi. Wani makaɗin jitar Amurka, Chet Atkins, ne ya hana ni faɗin haka. A 1954 kamfanin Gretsch ya yi ta zawarcinsa, shi kuwa yana da jitarsa ta D'Angelico, kayan Gretsch ba su burge shi ba. Abin da ya karya lagonsa shi ne alkawarin za a ƙera masa tasa, kamar yadda aka yi wa Les Paul. Da samfurin 6120 ya fito a 1955, sai ga shi ruwan lemo, an yi masa ado da zanen kan bijimi da na itatuwan hamada, har da harafin G a jiki kamar shaidar wuta da ake yi wa dabba, wai don a jawo masu son kiɗan kaboyi. Atkins bai so wannan tarkace ba, bai kuma so fikof ɗin ba. Amma bai karɓi la'ada ya koma gefe yana gunaguni ba. Ya riƙe jitar a dandamali da situdiyo, ya kuma hana kamfanin sakat. Aka riƙa cire adon ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa su da wani maƙerin amfilifaya, Ray Butts, wanda ya fito da fikof ɗin Filter'Tron mai kashe gurnanin lantarki, aka fara sa shi wajen 1958. A cikin wannan matsi aka sami Country Gentleman, wadda George Harrison na Beatles ya riƙe har kasuwarta ta buɗe. Da kamfanin Baldwin ya sayi Gretsch a 1967, daga baya ya ɗauke masana'antar daga New York zuwa kudancin ƙasar, aiki ya fara taɓarɓarewa, aka daina jin maganarsa, sai ya tattara sunansa ya koma Gibson a farkon shekarun 1980.

Mutum ne ya shiga gidan da ba ya so, amma da sharaɗin a ji maganarsa, ya kuma fita ranar da aka daina ji. Ƙin nasa ma mai saye ya amfana, don wanda ke son abu ido rufe ba ya ganin aibinsa. Saboda haka in an tambaye ni ko ya dace makaɗi ya ba kamfanin da ba ya so sunansa, nakan mayar da tambaya. Jitar da za ta fito, zai kaɗa ta ranar da babu kyamara? In suka fitar da wadda bai yarda da ita ba, yana da bakin hanawa? In amsar duka biyun e ce, ƙinsa tsakaninsa da su ne, bai shafe ni ba. In a'a ce, ko yana son kamfanin kamar ransa, sunan nan ƙarya yake shara wa mutane.

Direban tifa bai ambaci maroƙa ba, amma hujjarsa can ta samo asali, kuma na sha jin ta daga bakin masu ilimi. Sukan ce mu da muka gaji kiɗan fada da na jama'a, mene ne abin mamaki don makaɗi ya yabi wanda ya biya shi? Narambaɗa yana da ubangidansa Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi, Shata kuwa ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi, wa ya taɓa tsare shi ya ce rantse kana son kowannensu? Haka ne. Amma a duba wa ke biya, wa ke saurare. A waƙar yabo ubangida ne ke ba da doki da riga, mai saurare ya sha daɗin waƙa kyauta ya yi gaba, kuma ya san ƙa'idar wasan: in an ce wane giwa ne, ba wanda zai je neman haure. A jita mai suna kuwa daga aljihun mai saurare kuɗin ke fitowa. La'adar makaɗi a cikin farashi take, kuma ko ta hannu ce, sunan ne ke ɗaga kuɗinta. Bayan haka makaɗin gargajiya bai sayar da bakinsa duka ba. In an yi masa rowa akwai habaici, akwai zambo. Wanda ya sa hannu a takardar kamfani sau da yawa har wannan ya sallama, an hana shi kushe kaya a fili.

Abin da ya fi kama da shi a wurinmu yana kasuwar shanu ta Zango, ba a fada ba. Mutum ya tsaya kusa da sa yana taya shi da tsada, ba don zai saya ba, sai don baƙon da ke gefe ya ji ya ƙara. Malamai suna kiran wannan najashu, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Makaɗin da ya nuna wa duniya wannan ce jitarsa alhali in aiki ya tashi wata yake ɗauka, tayin ƙarya yake yi, sai dai shi da suna yake tayawa. Da na faɗa wa dattijon haka ya ce su ma a Littafi Mai Tsarki Allah yana ƙyamar ma'aunin algus, don haka a wannan gaɓa ba sai mun yi musu ba.

Dokar Amurka ma, inda yawancin waɗannan kamfanoni suke, kusan nan ta tsaya. Ƙa'idojin da hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta shimfiɗa, waɗanda aka sabunta a 2009 da 2023, sun ce in talla ta nuna mutum yana amfani da kaya, dole ya zama yana amfani da su da gaske, kuma in ya daina, kamfani ba shi da hurumin ci gaba da tallar. Ba ruwansu da zuciyarka, hannunka suke dubawa. A gida ma dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin yaudara a kan kaya. Amma wa zai kai ƙarar makaɗin da ke wata nahiya a kan jitar da aka sayo ta hannu a Alaba?

Bari in yi wa makaɗan adalci, don magana tana da sauƙi a bakin wanda albashinsa ke shigowa ƙarshen wata. Kiɗa sana'a ce marar fansho. Cinikin faifai ya mutu, abin da manhajojin saurare ke biya bai taka kara ya karya ba, yawon wasa kuma yana cin jiki da aljihu. Kaduna gari ne da ya san jita tun zamanin Bala Miller da ƙungiyarsa a Costain Club, amma nawa ne cikin masu kaɗa ta suka gina gida da ita? Yawancinsu Asabar suna wurin biki, Lahadi suna coci, sauran kwanaki suna wata sana'ar. A situdiyoyin waƙar Hausa kuwa fiyano ɗaya ta Yamaha ta cinye gurbin makaɗa biyar. Mutumin da ke cikin wannan hali a kawo masa takardar da za ta biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, ba ni da bakin ce masa ya yi fatali da ita don kawai manajan kamfanin bai iya gaisuwa ba, ko don shi tun yana yaro ɗan wani kamfanin ne. Da yawan abin da makaɗa ke kira ƙi, irin ƙin da ɗan Arsenal ke yi wa Chelsea ne, ba shi da tushe a itace ko a sauti.

Sai dai babu ba ta halatta shaidar zur, kuma akwai hanyoyin cin kuɗin kamfani da ba su kai nan ba. Ya gwada musu kaya a bidiyo ya faɗi abin da ya ji, ya koyar a tarukan da suke shiryawa, ya ba su shawara a biya shi ba tare da an buga sunansa ba. Duk waɗannan haya ce ta ɗan lokaci. Suna a goshin jita kuwa ya fi mai shi tsawon rai da nisan tafiya.

Wannan nisan tafiyar ne masu muhawarar a Turai da Amurka ba su cika gani ba, mu kuwa a kanmu yake ƙarewa. Can mutum zai shiga shago ya gwada jita goma, ya saya, in ba ta yi masa ba ya mayar. Nan cinikin biri a sama ake yi: hoto a WhatsApp, kuɗi ta banki, kaya a motar dare daga Legas. Kuma wadda ke isowa da wuya ta zama mai tsadar da aka ƙera a Amurka. Manyan kamfanonin suna da ƙananan layuka masu araha da ake ƙerawa a Asiya: Fender na da Squier, Gibson na da Epiphone, PRS kuma ta buɗe layin SE a Koriya a 2001, da sunan Carlos Santana ta buɗe shi. Ba laifi ba ne, wasunsu jitoci ne na ƙwarai, kuma su ne hannun talaka ke kaiwa. Amma sunan yana saukowa hawa biyu ko uku ƙasa da jitar da makaɗin ya taɓa riƙewa, kafin ma a zo ga jabun da ba kamfanin ya ƙera ba. Mu 'yan Kaduna mun san wannan ciwo a atamfa: muna ji muna gani aka riƙa shigo da yadi ta ɓarauniyar hanya, an kwaikwayi zane da tambarin na gida, kuma yana cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kakuri. Makaɗin da ke son kamfanin, yake bibiyar abin da ake fitarwa da sunansa, da ƙyar yake iya tsare wannan dogon layi. Ina ga wanda tun farko ko kwalin ba ya son buɗewa?

Kasuwa ce da labari ya fi katako tsada. Jitar da makaɗi Slash ya yi faifan farko na ƙungiyarsu Guns N' Roses da ita a 1987, wanda ya farfaɗo da kasuwar Les Paul, ba Gibson ce ta ƙera ta ba. Wani maƙeri mai zaman kansa, Kris Derrig, ne ya kwaikwaya. A 2010 Gibson ta fitar da samfuri mai sunan Slash da ke kwaikwayon wancan kwaikwayon, mutane kuma suka saya.

Akwai wani ƙin da ya fi waɗannan wuyar warwarewa, inda jitar ba ta da laifi, halin kamfanin ne makaɗi ba ya so: yadda yake riƙe ma'aikata, ko inda yake samo itace. A 2009 da 2011 jami'an gwamnatin Amurka sun kai samame masana'antun Gibson a kan katakon da aka shigo da shi daga Madagaska da Indiya, a 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000 aka rufe maganar. Duk wanda ya ga yadda aka yi wa madobiya karan tsaye a dazukan Taraba, ana lodin ta a tirela da sunan madrid zuwa tashar jirgin ruwa, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido a 2017, ba zai ce maganar itace wasa ce ba, ko da yake ita madobiyar kujeru da gadaje aka fi yi da ita a Sin, ba jita ba. A nan tambayoyina biyu na ɗazu ba su isa ba. Mutum zai iya kaɗa jitar dare da rana da zuciya ɗaya, bai yaudari kowa a kan sautinta ba, amma sunansa yana wanke wa kamfanin fuska. A ganina, in abin da ya ƙi ya kai girman da zai hana shi sayen kayansu da kuɗinsa, bai kamata ya tura wasu su saya ba. In kuwa bai kai ba, ya daina kiransa aƙida. Wanda ba na iya haɗiyewa shi ne mai karɓar la'ada da dama yana zagin kamfanin da hagu a gaban abokai, don ya jefi tsuntsu biyu: kuɗin 'yan kasuwa da kwarjinin ɗan tawaye.

Waɗanda suka iya harkar, tun ranar shiga suke shirya ranar fita, kuma wasu sai da suka ƙone hannu suka koya. Makaɗi Eddie Van Halen ya yi aiki da kamfanin Kramer, ya koma kamfanin Ernie Ball Music Man a 1991; da ya bar su suka ci gaba da ƙera jitar da sunan Axis, don fasalin ya zauna a hannunsu. A Peavey, daga 1996 zuwa 2004, ya sa wa jitar sunan ɗansa Wolfgang, da zai tafi ya tafi da abinsa, ya kafa tambarinsa na EVH tare da Fender a 2007. Ya sauya gida sau uku, amma tun daga Music Man, a kowane gida abin da ke hannunsa a dandamali shi ne abin da ake sayarwa da sunansa.

Wani zai ce ina ruwan Kaduna, wa zai ƙera jita da sunan ɗan Narayi ko Tudun Wada? Fender dai ba za ta zo gobe ba. Wanda zai zo shi ne ɗan kasuwar da ke odar kaya daga Gwanzu ta ƙasar Sin, inda masana'anta za ta buga maka duk sunan da ka ga dama a goshin jita ko a jikin lasifika in odarka ta yi yawa. Zai nemi mawaƙin bishara ko na soyayya mai mabiya a TikTok, ya ba shi kuɗi dunƙule sau ɗaya, babu la'ada, babu takardar da ta faɗi ranar da za a daina amfani da sunan. Wannan ya fi na Les Paul haɗari, don shi ko ba komai yana da wa'adin shekara biyar. Wanda aka kawo wa irin wannan tayi, kafin ya tambayi nawa ne, ya karɓi jitar ya ajiye ta a ɗakinsa ta ga damina ta ga hunturu, ya hau dandamali da ita, ya kai wa mai gyara ya buɗe cikinta. Sannan a rubuta cewa ba za a sauya itace ko fikof ba sai da izininsa, a rubuta ranar da sunan zai dawo hannunsa, da yadda za a yi da ragowar kayan da ke sito.

Da na koma karɓar rediyon bayan mako guda, na ga jitar a rataye, an miƙe wuyan, an goge bakin ƙarafan. Dattijon ya ce yanzu ba ta da laifi, har ya kaɗa mini ita, kuma sautinta ya yi daɗi. Ya ce yaron ya roƙe shi ya kankare sunan da takardar yashi, shi ya ƙi. Na tambaye shi dalili.

"Malam, in na kankare, ranar da zai sayar rabin kuɗinsa ya tafi."

Baƙin salatif suka samu suka liƙa a kan sunan, wanda za a iya ɓare shi ranar ciniki.